Haske Ne Ke Gaskata Hoton Ɗaki a Kwamfuta

A bara wani ƙanena ya kawo mini hoton falon gidan da yake shirin ginawa, wanda mai zanen gidan ya fitar masa daga kwamfuta: ga kujeru, ga labule, daɓe yana sheƙi, ko'ina haske tarwai. Da aka gama gini muka je gani da rana tsaka, sai da aka kunna fitila. Tagar falon ɗaya ce, tana kuma fuskantar katangar maƙwabci. Ashe mai zanen ya cusa wa hoton fitilun ɓoye waɗanda babu su a ginin. Manhajar da ya yi aiki da ita mai tsadar gaske ce, amma tsadar ba ta hana a yi ƙarya da ita ba.

Na kawo wannan labari ne domin ɗalibai da yawa masu sha'awar zanen gine-gine suna tsammanin sai mai hannu da shuni ke iya fitar da hoton ɗaki mai kama da na zahiri. Ni kam ban yarda ba. Ga Blender nan, wadda Ton Roosendaal, mutumin ƙasar Holan, ya ƙirƙira, aka kuma sake ta kyauta a 2002 bayan jama'a sun yi karo-karon Yuro 100,000 sun fanshe ta. Tun 2011 take ɗauke da Cycles, injin da ke bin sawun haske yana lissafa yadda yake karo da bango ya komo. Wanda ya ga ta yi masa wuya sai ya fara da Sweet Home 3D, ita ma akwai ta kyauta.

Da yake nazarin halittu ne fagena, ta ƙofar ido zan shiga maganar, tunda shi ne alƙalin kowane hoto. Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya bayyana cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido. Tantanin bayan idon ɗan Adam yana da ƙwayoyi wajen miliyan 120 masu gani a duhu-duhu, da wasu wajen miliyan 6 masu rarrabe launi. Ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙonsu kuwa tun muna rarrafe take koyon halin haske. Ta san lungun ɗaki ya fi tsakiyarsa duhu. Ta san jar darduma takan shafa wa farin bango ɗan ja-ja daga ƙasa, ta kuma san gefen tebur ba ya da kaifin reza, yana da ɗan lanƙwasa mai kama ƙyalli. In aka rasa waɗannan a hoto, ko yaro zai ce na kwamfuta ne, alhali ba zai iya faɗin dalili ba.

Saboda haka abin da ɗalibi yake bukata shi ne lura, da kuma tef na awo. Ya auna ƙofa da taga da tsayin silin, ya shigar da su daidai. Ya ɗora kyamarar manhajar a tsayin idon mutum, kimanin mita ɗaya da rabi. Sa'an nan ya ajiye rana inda take da gaske. A Kano, alal misali, rana takan karkata kudu a watan Disamba, ta koma arewa kaɗan a watan Yuni, don haka taga ɗaya ba ta ba da haske iri ɗaya duk shekara. Da an yi wa ƙanena wannan lissafi, da ya ga duhun falonsa kafin a aza bulo ko ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, akwai wahala. Tsohuwar kwamfuta takan kwashe awoyi kan hoto guda, a ɗauke wuta kuma aikin ya rushe. Maganinsa shi ne a riƙa gwaji da ƙananan hotuna, a bar babban sai komai ya daidaita.

Ga malaman sakandare kuwa, ko babu kwamfuta ana iya soma darasin. A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun gwada lissafin kwamfutarsu da akwati na gaske mai bangaye masu launi dabam-dabam. A sami kwali, a liƙa jar takarda a gefe ɗaya, shuɗiya a ɗaya gefen, sauran a sa fara. A huda samansa, a haska tocila, a sa ɗalibai su leƙa su faɗi launin da farar takardar ta koma a kowane gefe.