A Daina Tsallake Darasin Farko

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a wurin masu koya wa ɗaliban kimiyya rubuta manhaja. Wai darasin ma'ajiya da nau'in bayani da jeri sharar fage ne kawai, a gama da shi cikin awa biyu, a garzaya wajen zane-zane masu launi da ƙirƙirarriyar basira. Hujjarsu ita ce ɗalibi kan ƙosa idan bai ga abin burgewa da wuri ba, kuma ai ga ChatGPT nan zai cike masa duk layin da ya gagare shi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma ina ganin cutar yaran nan ake yi.

Ma'ajiya dai suna ne da kake raɗa wa wani abu da ka ba kwamfuta ta riƙe maka. Wannan ba ya da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne nau'in abin da ka ajiye. A idon mutum bakwai bakwai ce. A wurin na'ura kuwa cikakken adadi daban, adadi mai ɗigo daban, alamar 7 da aka shigar a matsayin rubutu ita ma daban, kuma kowanne da irin abin da ya halatta a yi da shi. Duk wanda ya taɓa tattara lambobin waya a Excel ya ɗanɗana wannan: ka rubuta lamba mai farawa da 080, sifirin farko ya ɓace, domin manhajar ta ɗauka adadi ne na lissafi, alhali laƙabi ne.

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostareliya sun binciki maƙalun kimiyyar ƙwayoyin gado da aka haɗa da jerin sunaye a Excel, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da sunayen da suka gurɓace. Ƙwayar gado mai suna SEPT2 ta koma ranar 2 ga Satumba, MARCH1 ta koma 1 ga Maris. Abin ya ci tura har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sanar da sauya sunayen, SEPT2 ta zama SEPTIN2, MARCH1 ta zama MARCHF1. Manyan masana ne suka yi waɗannan kurakurai, masu digiri uku-uku, a mujallu na a-zo-a-gani. Sun san ilminsu sarai. Abin da ya shige musu duhu shi ne yadda na'ura ke yanke hukunci a kan nau'in abin da aka zuba mata.

Ga wanda ya fi wannan muni. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kourou, ba ta wuce daƙiƙa 40 ba ta tarwatse. Dalili? An yi ƙoƙarin tura adadi mai bit 64 cikin mazubi mai bit 16, wanda iyakar abin da yake ɗauka 32,767 ne. Manhajar an gado ta ne daga Ariane 4, inda adadin bai taɓa kai haka ba. Ruwan randa aka juye a moɗa, kuma wannan shi ne ainihin darasin da ake cewa a gama cikin awa biyu.

Jeri kuwa, wanda wasu ke kira bekta, shi ne abin da ya fi damuna, domin a harshen R da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland, ko lamba guda ɗaya tilo jeri ce mai tsawon ɗaya. Dokarsa ɗaya: duk abin da ke cikinsa dole ya zama nau'i guda. A ce ɗalibar aikin gona ta shigar da awon ruwan sama na wata 12, sai a watan Janairu ta rubuta "babu" maimakon sifiri. Nan take R zai mayar da duka 12 ɗin rubutu, ba tare da ya ce mata uffan ba. Sai ta nemi matsakaici sannan ta ga NA, wato alamar babu amsa. Ita ma ta ci sa'a ke nan, tunda ta ga alama. Idan ta tara jeri mai abu shida da mai abu uku, R zai maimaita gajeren sau biyu ya ba ta amsa cikin natsuwa, ko gargaɗi babu. Amsar za ta shiga kundin bincikenta, malami ya sa hannu. Idan ta koma harshen Python, ƙidayar gurbi daga sifiri take farawa, a R kuwa daga ɗaya, kuma wanda bai zauna da wannan ba zai yi ta ɗauko awon Maris yana zaton na Fabrairu ne.

Kuskuren da ke tsayar da manhaja rahama ne. Mugun shi ne wanda ke barin ta ta kammala aiki ta fito da lamba mai kyan gani. Shi ya sa batun ChatGPT bai gamsar da ni ba. Zai rubuta maka umarni mai tafiya, gaskiya ne, amma bai ga littafin da ka yi awo a gona ba, bai san ginshiƙi na uku laƙabin ƙauye ne ba adadi ba. Wanda zai duba ya gane an yi ɓaranɓarama shi ne ɗalibin da muka hana shi koyon dubawa.

Maganar ƙosawa ma ban ga gaskiyarta ba. Darasin ba shi ne marar armashi ba, yadda ake karanto shi daga allo kamar jerin sunayen haraji ne ya kashe shi. Na sha sa ɗalibai su tambayi kwamfuta ko 0.1 a tara da 0.2 daidai yake da 0.3. Tana cewa a'a, aji kan kaure da gardama, daga nan kuma su da kansu ke neman a bayyana musu yadda na'ura ke ajiye adadi mai ɗigo da sifiri da ɗaya, da dalilin da ya sa kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a wannan tsari.

Abin da nake kira a yi shi ne a ba wannan darasi mako uku cur. A ba kowane ɗalibi bayanai masu datti na gaske, masu guraben da ba a cike ba da kwanan wata da aka rubuta iri-iri. Kafin ya taɓa madanni ya rubuta a takarda nau'in da yake tsammanin zai fito da tsawon jerin, sannan ya gwada ya ga inda hasashensa ya kauce. Zane mai launi ya jira mako na huɗu.