Na'urar Gano Kifi: Shin Ta Dace da Ruwan Shagari?

Masuncin da ke jefa birgi a madatsar ruwan Shagari da ido da gadon sana'a yake aiki. A Amurka kuwa, kamfanoni irin su Garmin da Lowrance sun daɗe suna sayar da 'yar na'urar da ake maƙala wa jirgi: tana harba sauti cikin ruwa, yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, in ya bugi kifi ko ƙasa ya dawo, sai hoto ya fito a allo.

Amma kada a ruɗu. Yawanci faɗin abin da na'urar ke gani kusan sulusin zurfin ruwan ne. A ruwa mai mita 3, da'irar mita 1 kawai za ta nuna, tarwaɗar da ta lafe cikin laka kuma da wuya ta fito. Sannan akwai ɗawainiya: batir mai ƙarfin volt 12 da ke son caji kullum, wanke laka da gansakuka daga bakinta, kare wayoyi daga tsatsa. In ta lalace, mai gyaran waya a garin Boɗinga ba lallai ya iya mata ba.

Babban amfaninta a nan shi ne auna zurfi. Mutanen Shagari ba su manta da kifewar kwale-kwale a Gidan Magana a Afrilun 2022 ba, inda mutum 29 suka rasu. Na'ura ba ta hana lodi fiye da kima, amma guda ɗaya a hannun Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta za ta nuna ramuka, kututture da inda yashi ya cike, a yi wa matuƙa alama kafin damina.