Tace ruwan jini: Wa zai amfana a kudancin Kano?

A 'yan shekarun nan, asibitoci masu zaman kansu a Turai da Amurka sun duƙufa wajen tallata wani magani da ake yi wa mutum a zaune, ya tashi ya koma gida a ranar. Ana zuƙo jininsa da na'ura, a tace ruwan da ke cikinsa, sannan a mayar masa da shi.

Masu tallar na cewa hanyar na maganin cututtukan da garkuwar jiki ke haddasawa, da gajiya mai tsanani, da mantuwa, kai har ma da tsufa. Irin wannan talla kuwa ba ta da shinge, domin wayar da ke hannun matashi a Kwanar Dangora ko Tiga ita ce ke hannun ɗan London.

Maganin dai na gaske ne, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai cututtukan da aka tabbatar yana yi wa aiki ba su kai yawan waɗanda ake ambata a talla ba, kuma mutanen da suka fi buƙatarsa a ƙananan hukumomi irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su ne suka fi nisa da shi.

Yadda ake yin sa

Baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Fiye da rabin wannan jini ruwa ne mai launin rawaya-rawaya, wanda ƙwayoyin jini ke yawo a cikinsa. A cikin ruwan ne kuma sinadaran kariya da garkuwar jiki ke ƙerawa suke.

A wasu cututtukan, garkuwar kan rikice, ta ƙera sinadaran da ke afka wa jijiyoyi ko tsoka ko ƙodar mai ita. A nan ne ake amfani da na'urar. Tana raba ruwan da ƙwayoyin jini, ko ta hanyar juyawa da sauri, ko ta wata matata mai ƙananan kafofi. Sai a zubar da ruwan, a maye gurbinsa da ruwan jinin wani, ko da wani sinadari mai suna albumin.

Zama ɗaya kan ɗauki sa'o'i biyu zuwa uku, ya kuma kawar da kusan kashi biyu cikin uku na sinadaran da ke cikin jinin a lokacin. Da yake jiki na ci gaba da ƙera wasu, akan maimaita aikin kamar sau biyar a cikin mako ɗaya ko biyu, tare da magungunan da ke lafar da garkuwar.

Wannan daban yake da wankin ƙoda, wanda jama'a suka fi sani. Wankin ƙoda na fitar da ƙananan dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ne, ya bar ruwan jinin a inda yake.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun 1914 wani masani Ba'amurke, John Jacob Abel, ya gwada ta a kan karnuka a Jami'ar Johns Hopkins. A tsakiyar shekarun 1970 ne likitoci a London suka nuna cewa tana taimakon masu cutar mayasteniya, wadda ke sa fatar ido ta sauko, haɗiya da numfashi su yi wuya.

Inda ya yi aiki, da inda bai yi ba

Babbar nasararsa ita ce a kan wata cuta da ake kira TTP, wadda ke sa jini ya riƙa daskarewa a ƙananan hanyoyinsa. Kafin a fara musanya ruwan jini, kusan tara cikin goma na masu ita mutuwa suke yi. Yanzu mafi yawansu na rayuwa idan aka fara aikin da wuri.

Haka ma cutar Guillain-Barre, wadda ke shanye jiki daga ƙafafu ta haura sama cikin 'yan kwanaki. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1985 a Arewacin Amurka ya nuna cewa waɗanda aka tace wa jini sun fi saurin komawa kan ƙafafunsu.

To amma akwai inda aka gwada aka ga babu. A 1992 an wallafa sakamakon gwajinsa a kan masu cutar lupus da ta taɓa ƙoda sosai, aka tarar bai ƙara komai a kan magungunan da aka saba ba su ba. Wannan darasi ne babba, domin lupus cutar garkuwar jiki ce, kuma a bisa hankali ya kamata a ce tacewar ta yi aiki.

Saboda haka ne ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ke fitar da jerin cututtuka lokaci-lokaci, ciki har da wanda ta fitar a 2023, inda ta kasa su gida huɗu, daga waɗanda tacewar ce maganinsu na farko, zuwa waɗanda ba ta da amfani a kansu ko ma tana iya cutarwa.

Kasuwa kuwa ba ta jira hujja ba. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da cibiyoyin da ke sayar da ruwan jinin matasa da sunan maganin tsufa. A 2022 mujallar likitoci ta BMJ ta bankaɗo yadda masu fama da larurar da korona ta bari ke kwasar dukiyarsu zuwa Cyprus da Jamus da Switzerland domin a "wanke" masu jini, alhali babu wani gwaji da ya tabbatar da amfanin hakan. A 2023 attajirin nan na Amurka, Bryan Johnson, ya karɓi ruwan jinin ɗansa domin ya sabunta ƙuruciya, daga bisani ya ce bai ga wani amfani ba.

Ba kuma aiki ne marar haɗari ba. Jini na iya sauka ana cikin yi, jiki na iya ƙin ruwan da aka ƙara masa, bututun da ake sakawa a babbar jijiya na iya zama ƙofar ƙwayoyin cuta. Na'urar ba ta bambanta mai kyau da marar kyau, tana tafiya har da sinadaran da ke tsayar da zubar jini, da ma wani ɓangare na maganin da majinyaci ya sha.

Kalmar da ta riga ta samu gindin zama

A ƙasar Hausa, mai tallar irin wannan magani ba zai sha wahalar bayani ba. Tun kaka da kakanni mutane sun san ƙaho, sun san wanzami na fitar da abin da ake kira mataccen jini, kuma a kowace kasuwar ƙauye akwai mai lasifika da ke sayar da maganin "wanke jini". Idan aka zo da na'ura mai fitilu aka ce ga ta zamani, kunnuwa a buɗe suke.

Nan ne hukumomi ke da aiki. Jihar Kano na da hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, wadda ta sha rufe wuraren da ba su da rajista. Amma tantance ko asibiti na da lasisi ya fi sauƙi a kan tantance ko cutar da ya ce zai tace daga jinin mutum tana cikin waɗanda ake tacewa.

Daga Riruwai zuwa birni

Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin huɗu na da mutane sama da 800,000, kuma babu shakka sun ƙaru sosai tun daga lokacin. A duniya, cutar Guillain-Barre kan kama mutum ɗaya zuwa biyu cikin kowane 100,000 a shekara. Ko da tsohon adadin aka yi lissafi, ana maganar mutane takwas zuwa goma sha shida ke nan duk shekara a wannan yanki kaɗai.

Adadin ba shi da yawa, amma cutar ba ta jira. Sau da yawa takan biyo bayan gudawa ko mura ne, kuma an alaƙanta ɓarkewarta a birnin Pune na Indiya a farkon 2025 da ƙwayar cutar da ake samu a gurɓataccen ruwa da abinci. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita kan buƙaci na'urar taimakon numfashi. Magani ya fi tasiri idan an fara shi a makonni biyu na farko.

Waɗannan makonni biyu su ne sukan salwanta. Mutumin da ƙafafunsa suka mutu ba tare da faɗuwa ko zazzaɓi ba, a ƙauye akan fara zargin iska ko sammu, a nemi rubutu da hayaƙi. Daga nan sai kemis, sai babban asibitin yankin, inda gano cutar ke buƙatar gwaje-gwajen da galibi sai a asibitin koyarwa ake yi. Daga Doguwa, da ke iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi, tafiyar sama da kilomita 100 ce zuwa Kano, ta cikin dajin Falgore.

Kalmar "a yi maka ka koma gida" ma tana da wata ma'ana a nan. Ga mazaunin Tarauni, kuɗin a-daidaita-sahu ne. Ga manomin Tudun Wada, zuwa biyar ne cikin kwana goma da majinyacin da ba ya iya tsayuwa, ko kuma neman masauki a birni shi da mai jinyarsa, wataƙila a tsakiyar damina.

Abin lura shi ne, akwai tsarin da ya riga ya kai waɗannan ƙauyuka. Yaƙi da shan inna ya sa kowace ƙaramar hukuma na da jami'in da ake sanar wa idan yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya shanye farat ɗaya, a ɗauki bayan gidansa sau biyu a aika ɗakin gwaji. An ga cutar shan inna ta asali a jihar Kano karo na ƙarshe a Sumaila a 2014, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a 2020, amma ana ci gaba da sa ido. Guillain-Barre na daga cikin manyan dalilan shanyewar yaran da gwaji ya nuna ba shan inna ke damunsu ba. Sai dai an gina tsarin ne domin farautar ƙwayar cuta, jinyar yaron kuwa ta rage ga iyayensa.

Kuɗi da jini

Kano ba baƙuwa ba ce a fannin ƙoda da jini. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, yana kuma da likitoci da ma'aikatan jinya da suka saba da fitar da jini ta na'ura. Matsalar ta fi ƙarfi ne a kayan aikin da ake amfani da su sau ɗaya a jefar, da albumin, waɗanda duk daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare.

Idan aka koma ga ruwan jinin masu bayarwa, zama ɗaya na iya cin leda goma ko fiye. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa ta tara aƙalla leda ɗaya ga kowane mutum ɗari a shekara, wato sama da miliyan 2 ga Najeriya, kuma hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2021, ta sha cewa abin da ake samu bai kai ko rabi ba. A asibitin da mace mai naƙuda ke jiran ɗan'uwa ya zo ya ba da leda ɗaya, ware goma ga mutum guda ba ƙaramar shawara ba ce.

Wankin ƙoda ya nuna yadda lamarin kuɗi yake. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage farashin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ke naira 70,000. Tace ruwan jini ya fi wankin ƙoda tsada nesa ba kusa ba. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma har yanzu sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Likitocin Kano sun taɓa fuskantar irin wannan tsaka mai wuya. A ƙasashe masu arziki, ana kare yara masu amosanin jini daga shanyewar ɓarin jiki ne ta hanyar ƙarin jini ko musanya shi duk wata. Ganin hakan ba zai yiwu ga dubban yara ba, sai masu bincike a Kano da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yara 220, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna tana ba da kariya ko da an sha ta kaɗan.

A Bangladesh ma an bi irin wannan hanya game da Guillain-Barre. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an musanya ruwan jinin majinyata 20 kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, da ledar jini ta yau da kullum ba tare da na'ura mai tsada ba. Binciken ya nuna cewa ana iya yin hakan lafiya, ko da yake sai an yi gwaji mafi girma kafin a tabbatar ya kai na na'ura tasiri.