A Bar Wa Masu Bincikenmu Safiyarsu

Makon jiya na haɗu da wani ƙanena da ke neman digirin dakta a Legon. Shekara ta biyar ke nan, kundinsa bai wuce babi na biyu ba. Na ce, "Kai, ina matsalar take?" Sai ya zaro waya ya nuna mini: zauren WhatsApp na masallaci, na dangi, na matasan Zango. Asabar awure a Nima, Lahadi adu'a a Madina, Litinin a kira shi ya cike wa wani fom ɗin fasfo. Ya ce, "Yaya, in ban je ba, sai a ce boko ya sa na fi ƙarfin mutane."

Maganar ta tsaya mini a rai. Mu 'yan Zango kullum kuka muke cewa ba mu da isassun furofesoshi a Legon, KNUST ko UDS ta Tamale. Amma ɗan kaɗan ɗin da Allah ya kai can, mu ne muke cinye musu lokaci. Alhali a jami'a, ƙarin girma sai da binciken da aka wallafa. Babu wanda zai tambayi malami suna nawa ya halarta.

Bincike aiki ne mai son natsuwa. A 2009 wata masaniya, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar wani aiki bai gama ba ya koma wani, hankalinsa yakan maƙale a na farkon. Wato kiran minti biyu yana iya ɓata tunanin da aka daɗe ana ɗaurawa. Wanda ya taɓa yin hadda a makaranta ya san haka tun kafin Turawa su rubuta.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, limami ne mai jama'a da almajirai. Duk da haka ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausa waɗanda masana ke nazari har gobe. Irin wannan aiki ba ya samuwa sai an keɓe masa lokaci.

To, ga shawarata ga mai bincike. Daga sallar asuba zuwa hantsi, awa biyu ko uku, ka mayar da su na rubutu kaɗai. Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma a lokacin unguwa ba ta tashi ba. Wayar ta kwana a wani ɗaki. Tun da dare ka yanke abin da za ka rubuta, abu ɗaya tak. Kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 40 ka tara kalma 60,000. Sannu ba ta hana zuwa. Saƙonni da gyaran jarrabawar ɗalibai su jira bayan azahar.

'Yan'uwanmu mata nasu nauyin ya fi, don safiyar da nake magana a kanta ita ce ta koko da shirya yara zuwa makaranta. Maigida, in matarka na rubuta kundi, ka ɗauki wannan aikin ko da kwana uku ne a mako.

Mu kuma sauran jama'a, limamai da sarakunan Zango da iyaye, mu yi musu uzuri. Jana'iza da duba mara lafiya haƙƙi ne, ban ce a bari ba. Amma ba kowane biki ne sai da dakta ba. In ya aiko da gudummawarsa bai zo ba, a karɓa a sa masa albarka. In kana da buƙata a wurinsa, ka bari sai la'asar.

Ƙanen nawa ya yi alkawarin kashe wayarsa har ƙarfe tara na safe. Ni ma na yi masa alkawarin ba zan kira shi kafin nan ba. Allah ya sa mu ga ranar da zai sa rigar kammalawa.