Leda Ta Shiga Tsakanin Juji Da Gona



Ran 1 ga watan Yuli 2025 Gwamnatin Jihar Legas ta soma zartar da dokar hana leda marar kauri, da kofuna da cokulan roba waɗanda a kan yi aiki da su sau ɗaya a yar. Ba ita ta fara ba, gama ƙasar Ruwanda ta hana leda tun shekarar 2008, Kenya kuma ta bi sawu cikin 2017. Babban kukan mutanen Legas shi ne toshewar magudanun ruwa. Mu kuwa a Kwandiko da sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, ɓarnar leda ta fi tsanani a gona da cikin dabbobi.

Ku tuna yadda aka gada. Da, abin da ake zubarwa a juji toka ne da ƙaiƙayi da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, dukansu masu ruɓewa. In rani ya yi sai a kwashe a mangala, jaki ya kai gona. Manoman kewayen birnin Kano sun shahara da wannan: su shigo da itace, su koma da taki. Da haka suka yi ta noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba. Abin da ba ya ruɓewa kuwa masu sana'a ke karɓa: gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga. Ko a makarantar allo haka ne, a rubuta, a haddace, a wanke, a sāke rubutawa, allo ɗaya ya kai yaro sauka.

Leda ita ta warware wannan tsari, musamman tun da ruwan leda ya bazu cikin shekarun 1990. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, maƙeri ba ya sonta. In ta bi taki ta shiga gona sai ta tare saiwa, ta hana ruwa ratsa ƙasa, garma ta yi ta tono ta shekara da shekaru. Akuya kuma ta ji ƙanshin gishiri ko mai a jikinta ta haɗiye, ta cunkushe a tumbi, dabba ta yi ta ramewa mai ita yana ta sayen magani a banza. Ku tambayi mahauta abin da su kan tarar ran kasuwar Sara.

Ga shi kuwa wannan ya faɗo daidai lokacin da aka fi bukatar takin gargajiya. Takin zamani ya yi tsada tun yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, sa'an nan faɗuwar darajar naira da janye tallafin man fetur a 2023 suka ƙara masa. Talaka ya waiwayi juji, ya tarar leda ta riga shi.

Waɗansu na cewa a yi doka irin ta Legas. Doka tana da amfani ga masana'anta da manyan dillalai, amma wane ma'aikaci zai bi kowace mai ƙosai da kowane mai ƙuli-ƙuli ƙauye ƙauye? Kuma in an hana ba a kawo madadi ba, sai abin ya koma bayan fage. Saboda haka gyaran yana hannunku.

Ɗan kasuwa shi ne mafarin leda. Kada a ƙulla magi a leda, a sa ta cikin wata ledar, a sāke sa su cikin ta uku. A ƙarfafa wa mai saye ya zo da kwando ko jaka ko kwano, kuɗin leda ya zauna cikin riba, masu saƙar kaba su sami ciniki. Huhun goro da ganye ake ɗaure shi tun zamanin fatake, bai kuwa rage masa daraja ba.

A gida kuma a raba shara uku: mai ruɓewa ta tafi ramin taki, ƙarfe da gwangwani da goran roba a ajiye wa 'yan gwangwan su saya, leda a tara ta a buhu nesa da dabbobi.

Malamai, ku ake saurara. Addini ya hana almubazzaranci, ya hana cutar da maƙwabci da dabba. Ku faɗi wannan a wa'azi da wajen suna. Ku hana almajirai jefa leda da roba cikin wutar karatun dare, domin hayaƙinsu yana cutar ƙirji. Ku kuma tsawata a kan takardun da ke ɗauke da sunan Allah, waɗanda ake ƙunshe tsire da su, su ƙare a juji.

Rigakafi ya fi magani. A soma tun ranin nan, kafin a kai taki gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.