Tauraruwa Mai Wutsiya da Dutsen Zagami

Hausawa na cewa tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Kakanninmu idan suka hango ta sai zulumi ya kama su, ko sarki zai faku, ko yunwa za ta sauka. Mu 'yan zamani riga kawai muka sauya wa wannan tsoro. Daga zaurukan Mandawari zuwa rumfunan Kurmi na ji ana ta muhawara kan wani baƙon abu da ya ratso samaniya, wai jirgin leƙen asiri ne na wasu halittu daga wata duniya.

Ga asalin maganar. Ranar 1 ga Yuli 2025, na'urar hangen nesa ta ATLAS da ke ƙasar Chile ta gano wani abu yana gudun da ya haura kilomita 200,000 a sa'a. Da irin wannan gudu rana ba za ta iya riƙe shi ba, alamar daga cikin taurari masu nisa ya fito, kuma ba zai dawo ba. Aka raɗa masa 3I/ATLAS, domin shi ne na uku irinsa da aka gani, bayan 'Oumuamua a 2017 da Borisov a 2019. Sai Farfesa Avi Loeb na Jami'ar Harvard ya ce a duba ko ƙira ce ta wasu masu hankali. Hujjarsa ita ce hanyar da abin ya biyo ta yi kusan daidai da wadda duniyoyi ke bi suna zagaya rana, kuma a ƙarshen Oktoba, lokacin da ya fi kusantar rana, ya ɓuya a bayanta.

Abin da masu tura saƙonni a WhatsApp suka ɓoye shi ne, shi kansa Loeb da abokan aikinsa sun amince a takardarsu cewa mafi rinjayen zato abin halitta ne ba ƙira ba. Na'urar Hubble ta ɗauko hoton ƙurar da ke lulluɓe da shi, ta James Webb kuma ta gano iskar kabon da tururin ruwa suna fita daga jikinsa. Haka ƙanƙara take yi idan zafin rana ya taɓa ta. Hukumar NASA ta ce tauraruwa mai wutsiya ce. Ranar 19 ga Disamba ya wuce mu da tazarar kilomita miliyan 270, ya kama gabansa.

Ba na ganin laifin mai mamaki, domin mu ma sama ta taɓa aiko mana da baƙo. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. A 1976 kumbon Viking ya sauka duniyar Mars ya auna iskarta. Bayan shekaru masana suka sami irin wannan iska a kulle cikin dutsen Zagami, aka tabbatar ɓallin Mars ne. Wane mai ƙirƙirar labari zai kawo abin da ya fi wannan ban al'ajabi? Haƙuri da awo ne suka fito da shi.

Addininmu ma haka ya koyar. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai Annabi ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Asarar da ji-ta-ji-ta ke jawo mana tana da girma. Gutsattsarin dutsen Zagami yau suna gidajen tarihi da ɗakunan bincike na ƙasashen waje. Wani dutsen Mars da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a New York cikin Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har sai da gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Muna gardama a zaure, wasu suna auna dukiyarmu.

Saboda haka idan yaro ya tambaye ka labarin jirgin halittu, kada ka kore shi, kada kuma ka tsorata shi. Ka fita da shi tsakar gida da dare, ka nuna masa Zara da Kaza da 'Ya'yanta, ka koya masa ya riƙa tambayar wa ya auna, da me ya auna. Ta yiwu cikin yaran Dala akwai wanda zai auna baƙo na huɗu.