RA'AYI: Abuja na da fatalwa, amma ba ta da mai rubuta labarinta

A watan Oktoban 2016, Reuben Abati, wanda ya yi kakakin Shugaba Goodluck Jonathan daga 2011 zuwa 2015, ya fitar da wata maƙala da ta zama abin hira a kowane ofishi a Abuja. A ciki ya yi iƙirarin cewa akwai miyagun ruhohi a Fadar Aso Rock, ya kawo labarin hadiman da suka kamu da cututtukan da ba a gane kansu ba, da waɗanda suka yi rashin 'yan uwa, da waɗanda gobara ta tashi a gidajensu. Ya ƙarƙare da shawarar a tashi daga fadar a mayar da ita gidan tarihi. Femi Adesina, wanda ya gaje shi a kujerar, ya mayar masa da martani cewa shi bai ga komai ba. Aka yi mako biyu ana dariya ana musu, daga nan maganar ta bi ruwa.

Abin da ba a lura da shi ba a lokacin shi ne, wannan maƙala tana cikin 'yan ƙalilan ɗin rubuce-rubuce da aka taɓa yi kan wani adabi da Abuja ke da shi jingim: labaran fatalwa, da gidajen da aka ce suna da mutanen ɓoye, da hanyoyin da direba ba ya tsayawa bayan sha biyun dare. Duk wanda ya yi shekara biyar yana aiki a Sakatariyar Tarayya ya ji irinsu. Akwai gidan gwamnati da aka ce kowane darakta ya shiga sai ya fita ba shiri. Akwai kujerar da sabon shugaban ma'aikata ba ya yarda ya zauna a kai sai an canza ta, ko an kawo malami ko fasto ya yi addu'a. Ana faɗa a motar ma'aikata, ana faɗa a wurin mai shayi, amma da wuya a shiga kantin littattafai a Wuse ko Garki a samu littafi guda da ya tattara su.

Wannan rashi asara ce, kuma ba ta tsaya ga masu sha'awar adabi kaɗai ba.

A Ingila, da wuya a samu gunduma da ba ta da littafin fatalwowinta, kuma a birane irin su York ana biyan kuɗi a zagaya da baƙi lungunan da aka ce ana ganin matattu. Misalin da ya fi dacewa a duba shi ne na wani gidan limamin coci a ƙauyen Borley. Wani mai bincike, Harry Price, ya wallafa littafi a 1940 inda ya kira shi gidan da ya fi kowanne yawan fatalwa a Ingila. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. To amma da yake ya rubuta ranaku da sunaye da abin da kowane shaida ya ce ya gani, sai wasu masu bincike uku na ƙungiyar Society for Psychical Research suka bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya, suka fitar da rahoto a 1956 da ya nuna cewa da yawa daga cikin abubuwan al'ajabin ƙari ne, wasu kuma akwai alamar da hannu aka shirya su. Da labarin Borley ya tsaya a baki kawai, da har gobe babu mai iya ƙaryata shi. Rubutun da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya ba da damar a tone shi.

Labarin da ba a rubuta ba ba shi da mai shi, don haka babu wanda za a riƙe. A ƙarshen 2023 Abuja ta ga abin da hakan ke haifarwa, lokacin da jita-jitar satar mazakuta ta mamaye tashoshin mota da kasuwanni. An yi wa mutane dukan kawo wuƙa saboda kawai sun gaisa da wani ko sun goge shi a cunkoso, har sai da rundunar 'yan sandan birnin ta fara gurfanar da masu ƙarar ƙarya a kotu. Irin wannan firgici ya sha faruwa a Legas da wasu biranen Afirka ta Yamma tun shekaru da dama da suka wuce, kuma kusan salo ɗaya yake bi kowane zuwa. Mutumin da ya taɓa karanta tarihinsa zai gane shi tun daga nesa, kamar yadda ake gane tsohuwar tatsuniya ko an sauya mata suna.

Wani zai ce Bahaushe Musulmi ba shi da abin yi da littafin fatalwa, tunda malamai sun yi bayani cewa wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a duniya. Gaskiya ne. Amma samuwar aljanu tana cikin Alƙur'ani, sura guda ma sunansu take ɗauke da shi, kuma magabata ba su ji tsoron rubutu a kansu ba. Badruddin al-Shibli ya wallafa Akamul Marjan tun ƙarni na 14, Imam Suyuɗi kuma ya taƙaita shi ya yi ƙari. Abin da suka yi shi ne tattara ruwayoyi da jingina kowacce ga inda ta fito, domin mai karatu ya san wadda zai riƙa da wadda zai ajiye. Tsantseni ke nan irin na masu ilimi, kuma shi ne ainihin abin da hirar motar ma'aikata ta rasa.

A ƙasar Hausa kuwa, abin takaicin shi ne waɗanda suka fi ƙoƙarin tattara irin waɗannan labarai Turawan mulki ne. Frank Edgar ya sa malamai sun rubuta masa ɗaruruwan tatsuniyoyi da labarai da ajami, aka buga su juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A. J. N. Tremearne ya fitar da littafi kan camfe-camfen Hausawa a 1913, sannan The Ban of the Bori a 1914, wanda ya bi Hausawan Tunis da Tarabulus domin rubuta sunayen iskoki da halayensu. Akwai raini da rashin fahimta a ayyukansu, musamman na Tremearne, amma yau duk ɗalibin da ke son sanin yadda bori yake shekara ɗari da suka wuce, dole ya bi ta hannunsu.

Marubutan gida sun ɗauki wata hanyar daban. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, duka suna da aljanu, haka ma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Littattafan yaƙi na kasuwar Kano sun ci gaba a kan wannan turba. Sai dai kusan kullum aljanin yana can wata ƙasa mai nisa, bayan teku bakwai, a birnin da babu shi a taswira. Da wuya a ga marubucin Hausa ya ajiye abin tsoronsa a Kubwa ko Nyanya, a gida mai lamba, a titi mai suna. Yarabawa sun fi kusantar da nasu gida: dajin da D. O. Fagunwa ya rubuta a 1938, wanda Wole Soyinka ya fassara a 1968, dajin mafarautan ƙasarsu ne, haka ma dajin fatalwowin Amos Tutuola na 1954. Ben Okri ya ci kyautar Booker a 1991 da labarin abiku, yaron da ke mutuwa yana dawowa, wanda Bahaushe ke kira ɗanwabi, kuma ya ajiye shi a unguwar talakawa ana tsakiyar rikicin 'yan siyasa. A Arewa, Abubakar Adam Ibrahim ya gwada haka a The Whispering Trees, amma da Ingilishi.

Alhali Abuja ta fi kowane birni a ƙasar nan dacewa da irin wannan rubutu, domin labarin fatalwa yakan tsiro ne a inda aka bar wani bashi ba a biya ba. An kafa birnin da Doka ta 6 ta 1976, aka tare a ranar 12 ga Disamba 1991, a kan ƙasar da Gbagyi da Koro da Gwandara da Gade da sauransu suke zaune tun kaka da kakanni. An tashi ƙauyuka, an bi ta kan gonaki da wuraren bauta da maƙabartu, kuma maganar diyya har yau ba ta mutu ba. Idan maigadi ya ce yana jin kuka da dare a wani rukunin gidaje, tambayar da mai bincike zai fara yi ita ce, me ke wurin kafin a zuba harsashin ginin?

Dutsen Zuma, wanda ke bakin hanyar Kaduna kusa da Madalla, kuma hotonsa ke bayan takardar naira ɗari da aka fitar a 1999, shi ne babban misali. Kowa ya san fuskar mutum da ake cewa tana jikinsa, kowa ya ji cewa aljanu ne suka hana a ƙarasa otal ɗin da aka fara ginawa a gindinsa. Tsohon tarihin masarautar Abuja, wato Suleja ta yau, wanda Hassan da Shu'aibu Na'ibi suka rubuta aka fassara zuwa Ingilishi a 1952, ya adana wani abu na yadda mutanen yankin ke girmama dutsen. Labarin otal ɗin kuwa, babu wanda ya zauna ya jera abin da mazauna wurin ke faɗa a gefe guda, takardun kwangilar a ɗaya gefen. Aljani dai ba ya zuwa gaban kwamitin majalisa, shi ya sa ya zama abokin rufin asirin duk wanda ya karɓi kuɗin aiki ya gudu.

Haka abin yake a fadar da Abati ya yi magana a kai. Shekara guda bayan maƙalarsa, a Oktoban 2017, uwargidan shugaban ƙasa Aisha Buhari ta fito fili ta koka cewa asibitin fadar ba shi da ko sirinji, na'urar ɗaukar hotonsa kuma ba ta aiki. Watanni biyu kafin nan, fadar da kanta ta ce ɓeraye sun lalata ofishin shugaban ƙasa. Littafi mai kyau kan ruhohin Aso Rock zai ɗauki tsoron hadiman da muhimmanci, domin tsoron gaskiya ne a wurinsu, ya kuma ajiye shi kusa da rashin barci, da hawan jini, da makircin abokan aiki, da wayoyin lantarkin da suka tsufa, ya bar mai karatu ya auna.

Masu iya wannan aiki suna nan a cikin ma'aikatun kansu. Wanda ya yi shekara talatin yana rubuta bayanan taro ya san yadda ake tambayar wa ya ce, yaushe, a gaban wa. Tsofaffin direbobi da masinjoji da masu gadin da suka taso daga Legas a 1991 suna ta yin ritaya, dattawan Gbagyi da suka san sunan kowane dutse kafin a sa masa lambar fili suna ta raguwa. Dokar Laburaren Ƙasa ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi a adana, saboda haka wanda ya rubuta yau, aikinsa zai samu mazauni. Ginin hedikwatar laburaren dai, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, yana nan tsaye a tsakiyar birni ba a kammala ba, kuma tagoginsa a buɗe suke dare da rana.